YADDA ZA KA SA FULAWAR TUKUNYA TA RIƘA FURE KOWACE SHEKARA DA KASHIN KAJI DA RUWAN KIFI

 

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga ɗakin kaji zuwa tsakar gida, amma bai yi nisa ba, don kayan aikin duk namu ne: kashin kaji da ruwan da muke zubarwa daga tankin kifi. Koken da na fi ji daga masu son fulawa a nan Kaduna iri ɗaya ne. Mutum zai tsaya wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, ya ga wata ta cika da fure, ya biya kuɗinsa ya kai gida. Bayan wata ɗaya furen ya zube. Shekara ta zagayo, sai ganye kawai. Wani ma ba ta kai shekarar, ruwan Agusta ke ruɓar da ita a cikin tukunya. Kuma abin mamaki, mu masu kaji mun fi kowa shiga wannan matsala, saboda taki ya yi mana yawa, hannunmu ba ya jin nauyin zuba shi.

Zan yi bayanin ne a kan fulawa ɗaya da ta fi dacewa da yanayinmu, daga baya in taɓo wasu guda uku a taƙaice. Akwai kuma gargaɗi mai muhimmanci ga duk mai tankin kifi ko 'yan tsaki a gida, don Allah kar a tsallake shi.

WACE FULAWA CE?

Ita ce ƙariya, wadda masu sayar da fulawa ke kira dezat ros. Za ka gane ta da ƙaton gindinta mai kama da tulu, da rassa masu kauri, da fure ja-ja ko ruwan hoda mai siffar bakin kakaki. Mutane da yawa suna ɗauka baƙuwa ce daga ƙasar waje, alhali 'yar gida ce. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka, da kudancin ƙasar Larabawa. Dangin tumfafiya ce. Kakanninmu sun san ta, har ana danganta sunanta da karin maganar nan da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda za ka ga ta yi fure tsababa amma da wuya ka ga ɗa a jikinta. Masu launi kala-kala da fure mai ninki da ake gani yanzu a kasuwa, yawancinsu aikin manoman fulawa ne na Tailan da Taiwan, waɗanda suka aure irin, suka kuma riƙa dasa reshen mai kyau a kan gindin ta gargajiya.

Sanin asalinta shi ne rabin aikin. Shuka ce ta wurin da ake ruwa na ɗan lokaci, sannan a yi dogon rani. Gindin nan mai kauri rumbunta ne, a ciki take ajiye ruwa da abinci. Da damina take cika rumbun, da sanyi ta huta, idan zafi ya kunno kai ta fasa rumbun ta yi fure. Duk wanda ya bar ta ta bi wannan zagaye zai ga fure kowace shekara. Wanda ya hana ta hutu, ko ya hana ta rana, zai yi ta kiwon ganye.

DALILAI HUƊU DA KE HANA FURE

Na farko, rashin rana. Mu masu kajin ƙwai mun san cewa kaza tana son hasken awa 14 zuwa 16 a yini kafin ta riƙe ƙwai yadda ya kamata. To ita ma ƙariya tana da nata lissafin: aƙalla awa 6 na rana kai tsaye, ba hasken da ya ratso labule ba. Wadda aka ajiye a falo ko a ƙarƙashin mangwaro za ta rayu, amma rassanta za su yi tsawo su sirance, fure kuwa babu. In kana son ka ƙawata falo da ita saboda baƙi ko biki, shigar da ita kwana 2 ko 3 lokacin da take cikin fure, sannan ka maida ta waje.

Na biyu, yawan taki mai naitirojin. Wannan ne namu. Kazar ƙwai in ta yi ƙiba da yawa, ƙwai raguwa yake, kowa ya sani. Haka shuka take. Naitirojin shi ke sa ganye da tsawo, kuma shi ya fi yawa a ɗanyen kashin kaji da ruwan tankin tarwada da takin yuriya. In ya yi yawa, za ka ga ganye kore shar, mai sheƙi, kowa na yabawa, amma ba toho ko ɗaya.

Na uku, rashin hutu. Kaza takan zubar da gashi ta daina ƙwai na ɗan lokaci, in ta gama ta dawo da ƙarfinta. Ƙariya ma da hunturu ganyenta kan yi rawaya ya zube. Mai ita sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa ya ƙara taki. A nan ake yin asara biyu: an hana ta hutun da zai kawo fure, kuma saiwar da ba ta shan ruwa sosai a lokacin sanyi tana zaune cikin laima har ta ruɓe.

Na huɗu, ƙasa mai riƙe ruwa. Jar ƙasar nan tamu ta Kaduna in ta shiga tukunya ta sha ruwa, laka take zama, in ta bushe kuma ta koma kamar bulo. Kaduna na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Wannan ya fi abin da ƙariya ta saba da shi a daji nesa ba kusa ba. Don haka a garin nan ruwa ya fi kashe ta, ba ƙishi ba.

HAƊIN ƘASA DA TUKUNYA

Ga haɗin da nake amfani da shi, da kwano ɗaya za ka auna duka:

Kwano 2 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na gini, ba mai laushi ba.
Kwano 1 na dakakken gawayi, ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka.
Kwano 1 na baƙar ƙasar lambu.
Kwano 1 na ruɓaɓɓen kashin kaji.

Ka ga kenan taki kashi ɗaya ne cikin biyar, kar ya wuce haka. Bayan ka cika tukunya, gwada ta: zuba ruwa kofi biyu. In ya fito ta ƙasa nan take, haɗin ya yi. In ya tsaya a sama yana kallonka, ƙara yashi da gawayi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don tana numfashi, ruwa na fita ta jikinta, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba a watan Maris. Amma in bokitin fenti ko tsohon mazubin ruwan kaji ne ke hannunka, ba laifi, a dai huda ƙasan da kyau, huji 5 ko 6 masu faɗin ɗan yatsa. Kar tukunyar ta fi gindin girma da yawa, tazarar yatsu 3 tsakanin gindi da bakin tukunya ta isa. Ƙatuwar tukunya ƙasa ce mai yawa, ƙasa mai yawa kuwa ruwa ne mai yawa da saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Sannan a ɗora ta a kan bulo biyu, kar a sa mata faranti a ƙasa.

YADDA AKE RUƁAR DA KASHIN KAJI

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗanyen kashin kaji wuta ne. Warin nan mai hawa ido da kake ji in ka shiga ɗakin da aka daɗe ba a kwashe ba, amoniya ce, kuma yadda take ƙona idon kaza haka take ƙona saiwa. A gona mai faɗi ƙasa da ruwan sama suna rage mata ƙarfi. A tukunya babu inda za ta je.

Ga yadda ake yi. A tara kashin nesa da ɗakin kaji. In daga ɗakin kajin nama ne, ya riga ya haɗu da dusar katako ko ɓuntu, wannan ya yi daidai. In na keji ne zalla, a haɗa shi da busasshen ganye ko ɓuntu, kamar ninki biyu na yawansa. A yayyafa ruwa har ya yi laima, yadda in ka damƙa zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. A rufe da tsohon buhu ko leda saboda ruwan sama da ƙuda. Cikin kwana 3 zuwa 4, in ka tura hannu za ka ji zafi sosai, yakan kai digiri 55 zuwa 65. Wannan zafin ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa da irin ciyawa. A riƙa juya shi duk bayan kwana 7 zuwa 10, na gefe ya koma tsakiya.

Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3. Alamar ya nuna guda uku ce: ya huce, ya yi baƙi yana marmashewa, kuma warin ya tafi, sai ƙamshin ƙasa. In kana shakka, cika gwangwani da shi haɗe da yashi, ka shuka wake ƙwaya 5. In suka fito suka yi kore lafiya, to takin ya yi. In suka ƙi fitowa ko bakin ganyen ya ƙone, ba shi ƙarin lokaci.

Abu biyu a kula. Kashin kajin ƙwai yana da alli da yawa saboda dutse da ɓawon kawa da muke sa musu a abinci. Ƙariya ba ta damu sosai ba, amma akwai fulawar da ba ta so, zan faɗe ta a gaba. Na biyu, kar ka ɗebo ɗanyen kashi daga gonar wani ka kawo gidan da kake da kaji, kuma kashin garken da cuta ta kashe ba na taki ba ne, binne shi ake yi. Mu a jihar nan ba sai an ba mu labari ba: a yankin Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma kashi na cikin hanyoyin da cutar ke bi daga gona zuwa gona. Kar son fure ya jawo maka asarar garke.

RUWAN TANKIN KIFI

Ruwan da muke canja wa tarwada taki ne mai sauƙi, akwai kashin kifi da ragowar abinci a ciki, kuma bai kai kashin kaji zafi ba. Sharuɗansa uku ne.

Ɗaya, a sirka shi: bokiti ɗaya na ruwan kifi, bokiti ɗaya na ruwa mai kyau. In ruwan ya yi kauri yana wari, a ƙara na biyu.

Biyu, ruwan da aka sa wa gishiri ko magani ba ya zuwa tukunya. Da yawanmu muna zuba gishiri in kifi ya ji ciwo ko bayan an tace shi. Gishirin nan ba ya tashi, taruwa yake a ƙasar tukunya, sai ka ga farin abu a bakinta, bakin ganye yana ƙonewa. In ka ga haka, zuba ruwa mai kyau da yawa ya wanke ƙasar ya fita ta huji.

Uku, ruwan kifi maimakon ban ruwa ne, ba ƙari a kansa ba. Wato sai ranar da tukunya ta bushe take buƙatar ruwa za ka ba ta shi, kuma sau ɗaya a mako ya isa, a lokacin da take girma kawai. Ragowar a kai wa ayaba da alayyafo da gwanda, su ba sa ƙoshi.

JADAWALIN SHEKARA A KADUNA

Nuwamba zuwa Janairu, lokacin hutu. Ba taki, ba ruwan kifi. Ruwa mai kyau kaɗan duk bayan kwana 10 zuwa 14, da hantsi, ba da yamma ba, don kar saiwa ta kwana cikin laima da sanyi. Ganye zai zube, ƙyale shi. Abin dubawa shi ne gindi: matsa shi da yatsa. In yana da tauri kamar ɗanyen dankali, lafiya lau. In ya ɗan yamutse amma da tauri, ƙishi ne, ba ta ruwa kaɗan. In ya yi laushi yana lotsawa, ruɓa ce. Ƙurar hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ta, don ƙananan ƙwari na son ɓuya a cikinta.

Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin fure. Da sanyi ya fara ja baya za ka ga 'yan toho a kan rassa, sau da yawa tun kafin ganye ya dawo. Yanzu sai a ƙara ruwa, duk kwana 3 ko 4, gwargwadon yadda tukunya ke bushewa. Tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu, in ka ji bushe, ba ta ruwa har ya fito ta ƙasa. Tsananin ƙishi a wannan lokaci yana zubar da toho kafin ya buɗe, haka ma yawan ɗaga tukunya daga nan zuwa can. A ƙasa ake zuba ruwa, ba a kan fure ba.

Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin aski da canjin ƙasa. Zan yi bayaninsa a ƙasa.

Yuni zuwa Satumba, lokacin cika rumbu. Furen baɗi yanzu ake gina shi. A barbaɗa ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu ɗaya a gefen tukunya sau ɗaya a wata, kar ya taɓa gindi. Mai garin ƙashi na haɗa abincin kaji ya ƙara cokali ɗaya a farkon damina, yana da fosfaras, kuma a hankali yake narkewa. Wanda ba shi da kaji zai iya sa kamfa 15-15-15, rabin ƙaramin cokali a wata. Yuriya kam a bar wa masara. Da an shiga marka, musamman Agusta, a matsar da tukunya ƙarƙashin baranda ko bakin rufi, inda rana ke samunta amma ruwan sama ba ya dukanta kullum. A can ne za ka riƙa ba ta ruwan kifin da ka sirka. Sau da yawa takan ɗan yi wani furen a damina, wannan kyauta ce.

Oktoba, lokacin yaye. A tsayar da taki da ruwan kifi. Za a iya barbaɗa tokar itace ƙaramin cokali ɗaya saboda fotash ɗin da ke cikinta. A fara tazara tsakanin ban ruwa, a maida tukunya tsakiyar rana.

ASKI DA CANJIN ƘASA

Ƙariya a ƙarshen reshe take fure. Shuka mai dogon reshe ɗaya, wuri ɗaya za ta yi fure. In ka yanke reshen, biyu ko uku za su fito a ƙasan yankan, kowanne da nasa furen. Ashe aski shi ke ninka fure. Bayan babban furen ya ƙare, kafin ruwa ya zauna, zaɓi ranar da gari ya bushe. Goge wuƙa mai kaifi da sifirit, yanke kashi ɗaya cikin uku na dogayen rassa, a karkace, don kar ruwa ya kwanta a kan yankan. Shafa toka a wurin. Kar a yi aski a Agusta, yankan ba ya bushewa. In taka mai aure ce, za ka ga tabon haɗin a jikin reshe: a sama da tabon ake yanka. In ka yanke ƙasa da shi, ka zubar da launin da ka saya, ta gargajiya ce za ta fito.

Canjin ƙasa duk shekara 2 ya isa. Zare ta, kakkaɓe tsohuwar ƙasa, yanke saiwar da ta mutu, bar ta a inuwa kwana 2 ko 3. In za ka maida ta, ɗaga gindin sama da inda yake a da kamar yatsu 2, wannan ne ke fito da siffar tulun nan da masu saye ke so. Kar ka ba ta ruwa sai bayan kwana 5 zuwa 7.

In kuwa ruɓa ta kama gindi, kar a jira. A zare ta, a yanke duk inda ya yi laushi ko baƙi har sai an kai fari tas, ana goge wuƙa bayan kowane yanka. A shafa toka, a ajiye a inuwa mai iska mako guda, sannan a dasa a busasshen haɗi. Da yawa suna tashi in an yi da wuri.

ƘWARI

Uku ne suka fi damunta: darɓa a kan sabon toho, farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da tsutsa mai cin ganye da damina. Tsutsa da hannu ake cire ta. Sauran biyun, a daka 'ya'yan dogon yaro cikin tafin hannu 2, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. A maimaita bayan mako guda. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, duba da kyau, darɓa suke kiwo. Ban ba da shawarar maganin feshi mai ƙarfi a gidan da ke da tankin kifi ba, iska kaɗan ta isa ta kai shi cikin ruwa, kuma kifi ba ya jure irin waɗannan magunguna.

GARGAƊI GA MAI KIFI DA MAI KAJI

Ƙariya tana da dafi. Ruwan jikinta na ɗauke da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya. A sassa da dama na Afirka da shi ake haɗa dafin kibiya, kuma ana amfani da ita wajen kashe kifi a ruwa. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada abin da aka tatsa daga ɓawonta a kan tarwada, sun ga yana yi mata illa har ya kashe ta. Saboda haka:

Kar a ajiye tukunyarta a bakin tanki, ko inda ruwan da ya fito daga tukunyar zai gangara cikinsa.
Wuƙar da aka yi aski da ita, da hannun da ya yi, ba sa shiga ruwan kifi ko mazubin kaji sai an wanke da sabulu.
Rassan da aka yanke ba a jefa su a bola inda awaki da kajin gida ke kiwo. A dasa su, ko a binne.
A sa safar hannu ko leda lokacin aski, a kiyaye ido.
A ɗaga ta inda ƙananan yara ba sa kaiwa. In yaro ya tauna, asibiti kai tsaye, a tafi da reshen don likita ya gani.

Wannan ba dalilin guje mata ba ne. Ana zaune da ita a gidaje shekara da shekaru lafiya. Sani kawai ake buƙata.

SAURAN UKUN A TAƘAICE

Bugenbiliya, mai furen nan kamar takarda da ke hawa katangu a Unguwar Rimi da Malali. Asalinta Kudancin Amurka. Tana son rana fiye da ƙariya ma, da matsattsiyar tukunya, da ɗan ƙishi. Bar ta sai ganye ya fara langaɓewa kafin ka ba ta ruwa. In ka shagwaɓa ta da ruwan kifi, ganye da ƙaya za ta ba ka. A rage mata rassa bayan kowane fure.

Fulawa mai albasa, wadda ke fitar da dogon kara da manyan furanni a kansa. In furen ya bushe a yanke karan, amma kar a taɓa ganyen, shi ke ciyar da albasar. A ba ta taki da ruwan kifi duk damina. Ƙarshen Oktoba a tsayar da ruwa gaba ɗaya na mako 8 zuwa 10, sannan a dawo da shi, fure zai biyo baya cikin mako 6 zuwa 8. Wajen dasawa a bar kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje. Ita ma ba a ci, a ɓoye ta daga yara da dabbobi.

Izora, mai dunƙulen ƙananan furanni ja da ake yin shinge da ita. Ita ce wadda ba ta son alli. Kashin kajin ƙwai da toka suna sa ganyenta ya yi rawaya. A ba ta ruɓaɓɓen ganye da na kajin nama kaɗan, kuma ita ba a yi mata hutun ƙishi.

AKWAI KUƊI A CIKI?

Akwai, ga mai haƙuri. In ƙariyarka ta yi ɗa, za ka ga kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon sa. Ɗaure shi da zare tun kafin ya fashe, in ba haka ba iska za ta kwashe irin, don yana da gashi kamar na tumfafiya. Sabon iri kan tsiro cikin mako guda ko makamancin haka, kuma wadda aka shuka daga iri ita ke yin ƙaton gindi tun tana ƙarama. Rassan da ka yanke wajen aski ma jari ne: bar su a inuwa kwana 5 bakin ya bushe, ka soka a yashi mai ɗan laima, za su yi saiwa. Taki naka ne, ruwa naka ne, tsofaffin bokitai na nan jibge. Ka shirya su da damina, ka fitar da su a Maris lokacin da suke cikin fure, don fulawa mai fure ita ke sayar da kanta. Gidaje da ofisoshi da makarantu da otal-otal duk masu saye ne. Shi kansa ruɓaɓɓen takin, in ka tankaɗe ka ƙulla a ƙananan ledoji, masu fulawa na nema. Amma ka gaya wa duk wanda ya saya gaskiya: tana son rana, tana hutu da sanyi, kuma tana da dafi. Wanda fulawarsa ta sake fure a shekara ta biyu, shi zai kawo maka maƙwabcinsa.

Shawarata ga mai farawa: tara takinka yau, don shi ne mai cin lokaci. Kafin ya nuna ka samu tukunya ɗaya ko biyu ka gwada jadawalin nan shekara guda cur kafin ka faɗaɗa. Wanda yake Zariya ko Kano, lissafin kusan ɗaya ne, sai dai damina ta fi gajarta a can, don haka zai fi mu sauƙin ruɓa, ya fi mu yawan ban ruwa da bazara.

Mai tambaya ya turo hoton fulawarsa, a ɗauko gindin da ƙasar tukunyar su fito sosai, ya kuma faɗi awa nawa take samun rana. Da waɗannan ake gane matsala.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dabbobinmu daga cuta, ya ba mu kasuwa mai kyau. Amin.